Tarihin Baburan Tsere Masu cc 600: Tasowarsu, Zamanin Mulkinsu, Da Abin Da Ya Durƙusar Da Su

Duk wanda ya taɓa jin kukan ɗaya daga cikin manyan baburan nan na gudu a kan babban titi, ya san akwai wani kuka mai tsini da ba ya kama da na sauran, kamar ana yaga ƙyalle. Galibi wannan kukan na baburan da injinsu ke da girman cc 600 ne, irin su Honda CBR600RR, Yamaha R6, Kawasaki ZX-6R da Suzuki GSX-R600. Su ne ake kira matsakaita, domin sun fi ƙananan baburan koyo girma, amma ba su kai manyan masu cc 1000 ba. Kusan shekara ashirin da biyar waɗannan matsakaitan ne filin da kamfanonin Japan huɗu suka fi gwabzawa a kansa. Daga baya kasuwarsu ta faɗi har aka fara yi musu ta'aziyya. A wannan rubutu za mu bi tarihinsu daga farko, mu ga me ke cikin injinsu, kuma mu ga dalilin da ya sa abin da ya ɗaukaka su shi ne ya juyo ya ci su.

ME AKE NUFI DA CC 600?

Kafin mu shiga tarihi, bari mu daidaita ma'auni. Cc shi ne yawan fili na cikin silinda wanda fistan ke sharewa idan ya sauka daga sama zuwa ƙasa. Babur ɗin Boxer da 'yan acaɓa ke aiki da shi yana da silinda ɗaya mai kimanin cc 100, yana kuma bada ƙarfin doki wajen 8. Babur mai cc 600 na tsere yana da silinda huɗu a jere, kowace ɗaya kusan cc 150. Wato a girman inji ya ninka Boxer sau shida kacal. Amma a ƙarfi ya ninka shi fiye da sau goma sha huɗu, domin yana bada doki kusan 120.

To ina sauran ƙarfin ya fito? Daga saurin juyawar inji. Ƙarfin doki yana samuwa ne idan aka haɗa ƙarfin murɗawar inji da yawan juyawarsa a minti ɗaya. Idan doka ta hana ka ƙara girman inji, hanyar da ta rage maka ita ce ka sa shi ya riƙa juyawa da sauri fiye da na abokin hamayyarka. Mai karatu ya riƙe wannan maganar, domin a kanta aka gina duk tarihin da zai biyo baya.

KAWASAKI TA BUƊE FAGE, 1985

A farkon shekarun 1980 matsakaitan baburan Japan yawanci cc 500 ne ko 550, iska ce ke sanyaya injinsu, kuma ana kallonsu a matsayin na wanda kuɗinsa bai kai ya sayi babba ba. A 1984 Yamaha ta fitar da mai cc 600, amma shi ma da iska yake sanyaya.

Kawasaki ce ta canza lissafin. A 1984 ta fitar da GPZ900R, wanda aka fara kira Ninja. Shekara ɗaya bayan haka, a 1985, ta kawo ƙaninsa GPZ600R, wanda a Amurka aka sani da Ninja 600R. Injinsa cc 592 ne, silinda huɗu, bawul goma sha shida, ruwa ke sanyaya shi ta lagireto kamar mota, yana bada doki kimanin 75. An rufe jikinsa da roba mai yanka iska, an kuma yi masa firam na kansa wanda ya zagaye injin, maimakon a ɗauko tsohon firam a ɗora masa sabon inji. Gudunsa ya haura kilomita 200 a awa. A karon farko mutum zai iya sayen matsakaicin babur ba don rashin kuɗi ba, sai don shi yake so.

HONDA TA KARƁE KASUWA, 1987

Honda ta yi shiru shekara biyu, sannan a 1987 ta fitar da CBR600F, wanda Amurkawa suka sani da Hurricane. An lulluɓe shi da roba gaba ɗaya har ba a ganin inji. Wannan lulluɓin yana da wata hikima ta kasuwanci: tunda ba a ganin injin da firam, ba sai an kashe kuɗi wajen ƙawata su ba, sai a zuba kuɗin a cikin aikinsu. Injinsa cc 598 ne, yana bada doki wajen 85, ya zarce na Kawasaki da doki goma.

Abin da ya sa CBR600F ya yi farin jini ya wuce ƙarfin inji. Babur ne da mutum zai hau ya je aiki ranar Litinin, ya goya matarsa ranar Asabar, ranar Lahadi kuma ya cire madubai ya shiga gasar tsere ya ci. Sirdinsa yana da laushi, kansa bai yi ƙasa sosai ba, injinsa kuma ba ya yawan kai mutum wurin bakanike. Shi ya sa ya daɗe cikin baburan da aka fi saye a Ingila da sauran ƙasashen Turai.

Daga nan Honda ta riƙa sabunta shi duk bayan shekara huɗu. A 1991 F2 ya zo da doki kusan 100. A 1995 F3 ya zo da hanyar shigar iska ta gaba, wadda ke tura iska cikin inji da ƙarfi idan babur ya ɗauki gudu. A 1999 F4 ya bar firam ɗin ƙarfe ya koma na alminiyom, ƙarfinsa ya kai doki wajen 110. A 2001 F4i ya ajiye kafireta ya koma injekta.

Akwai wasu lambobi biyu da ke nuna inda aka dosa. A babur ɗin 1987 faɗin silinda milimita 63 ne, tafiyar fistan kuma milimita 48. A F2 faɗin ya zama 65, tafiyar ta ragu zuwa 45.2. A F4 faɗin ya kai 67, tafiyar ta koma 42.5. Girman injin bai canza ba, yana nan ƙasa da cc 600, amma kullum fistan na ƙara faɗi tafiyarsa na ƙara gajarta. Fistan mai gajeriyar tafiya yana iya kai-komo da sauri ba tare da ya tarwatse ba, silinda mai faɗi kuma tana ɗaukar manyan bawul da ke shaƙar iska da yawa. Haka aka riƙa tura juyawar inji sama daga dubu goma sha ɗaya a minti zuwa dubu goma sha biyar.

ME YA SA AKA TSAYA A 600?

Dokar gasa ce ta kafa wannan iyaka. A gasar da ake kira Supersport, a wancan zamani babur mai silinda huɗu ba ya wuce cc 600, kuma dole ya kasance irin wanda ake sayarwa a shago, da ɗan gyare-gyaren da aka yarda da su. Gasar ta yi ƙarfi a Amurka da Turai tun ƙarshen shekarun 1980, a 1999 kuma ta zama cikakkiyar gasar duniya. Wannan doka ta ɗaure kamfanoni: duk abin da kake so mahayinka ya samu a filin tsere, sai ka saka shi a babur ɗin da kake sayar wa jama'a. Don haka mai saye ya riƙa samun kayan tsere a farashin shago, kamfani kuma ya riƙa tallata nasarar ranar Lahadi don ya yi ciniki a sauran kwanakin mako.

Yamaha ta shigo da FZR600 a 1989, Kawasaki ta kawo ZX-6R a 1995, Suzuki kuma ta fitar da GSX-R600 mai firam ɗin alminiyom a 1997. Kowa na neman rage kilo ɗaya ya ƙara doki biyu.

R6 YA SAUYA AL'ADA, 1999

A 1999 Yamaha ta fitar da YZF-R6, ƙanin R1 da ya girgiza kasuwa shekara ɗaya kafin nan. Kamfanin ya ce yana bada doki 120 idan iska na shiga da ƙarfi, nauyinsa kuma kilo 169 ba mai ba ruwa. Wannan na nufin doki 200 a kowace lita ɗaya ta girman inji. R6 bai damu da jin daɗin mahayi ba. Sirdinsa ya yi sama, kansa ya yi ƙasa, ƙarfinsa kuma yana can ƙololuwar juyawar inji. Matasa suka ruɗe a kansa, mujallun babura suka riƙa auna kowane sabon babur da agogo a filin tsere. Daga lokacin, babur ɗin da ya zo na huɗu a gwajin mujalla da bambancin daƙiƙa ɗaya sai a ce masa tsohon yayi.

Honda ta ga alamar cewa babur mai yin komai da komai ya daina ci. A 2003 ta fitar da CBR600RR, wanda aka ɗauko siffarsa da wasu dabarunsa daga RC211V, babur ɗin da Valentino Rossi ya ci gasar MotoGP da shi a 2002 da 2003. An mayar da salansa ƙarƙashin sirdi, an sauke tankin mai ƙasa kusa da tsakiyar babur don nauyi ya taru wuri guda, an kuma canza yadda shokozoba ta baya ke haɗuwa da jiki. A shekarar ce Kawasaki ta yi wata dabara: ta sayar wa mahayan titi ZX-6R mai cc 636 don su samu ƙarin ƙarfi a matsakaicin gudu, ta kuma yi ZX-6RR mai cc 599 don cika sharaɗin gasa.

ƘOLOLUWA: 2006 ZUWA 2009

Waɗannan shekaru su ne ganiyar wannan aji. A 2006 Yamaha ta kawo sabon R6 wanda totur ɗinsa ba ya jan waya kai tsaye, kwamfuta ce ke karanta murɗawar hannun mahayi ta buɗe wa inji iska. A shekarar ne kuma aka yi wata badaƙala da ta nuna yadda yaƙin lambobi ya kai. An tallata babur ɗin da cewa injinsa na juyawa har sau 17,500 a minti, agogon gabansa ma haka ya nuna. Da masu gwaji suka ɗora shi a na'ura sai suka ga yana tsayawa a wajen 16,200. Yamaha ta amsa, ta kuma yi wa waɗanda suka saya a Amurka tayin ta karɓi babur ɗin ta mayar musu da kuɗinsu.

A 2006 ɗin dai kamfanin Triumph na Ingila, bayan ya sha wahala yana gwada masu silinda huɗu, ya fito da Daytona 675 mai silinda uku. Siririn babur ne mai ƙarfi tun daga ƙasa, kuma ya doke na Japan a gwaje-gwajen mujallu da dama.

A 2007 Honda ta sake gina CBR600RR daga tushe, kuma mutane da yawa na ganin wannan ne mafi daidaito a cikinsu. Ga abin da ke jikinsa: inji cc 599, silinda huɗu, bawul goma sha shida, faɗin silinda milimita 67 da tafiyar fistan 42.5. Ƙarfinsa doki kimanin 118 a juyawa 13,500, ƙarfin murɗawa Nm 66 a juyawa 11,250. Giya shida, tankin mai lita 18, tsayin sirdi milimita 820, nauyi kilo 155 ba mai ba ruwa. Gudunsa na ƙarshe ya kai wajen kilomita 250 a awa, yana kuma tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin daƙiƙa uku da 'yan kai.

Mu ɗan tsaya a kan waɗannan lambobi. Juyawa 13,500 a minti na nufin injin na juyawa sau 225 a cikin daƙiƙa ɗaya, kowane fistan na hawa ya sauka sau 225 kafin ka ƙifta ido ka buɗe. Kilomita 250 a awa kuma na nufin babur na cin kusan mita 70 a daƙiƙa, wato tsawon filin ƙwallo cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. A 2009 Honda ta ƙara masa birkin ABS mai aiki da kwamfuta wanda ke haɗa gaba da baya, abin da kafin nan ba a saba gani a baburan tsere na titi ba.

A fagen gasa ma Honda ta yi mulki. Ƙungiyar Ten Kate ta ƙasar Holan ta ci kambun duniya na Supersport shekara bakwai a jere, daga 2002 zuwa 2008, da mahaya irin su Chris Vermeulen, Karl Muggeridge da Sébastien Charpentier. Ɗan ƙasar Turkiyya Kenan Sofuoğlu ya ci kambun sau biyar: 2007 da 2010 a kan Honda, sannan 2012, 2015 da 2016 a kan Kawasaki. Daga 2010 zuwa 2018 kuma duk mahayan gasar Moto2, matakin da ke ƙasa da MotoGP, da injin CBR600RR suka yi tsere. A kansa Marc Márquez ya ci kambun 2012, Francesco Bagnaia ya ci na 2018.

YADDA KASUWAR TA RUSHE

Abubuwa huɗu ne suka taru a kansu. Na farko shi ne karyewar tattalin arzikin duniya a 2008. Masu sayen waɗannan babura galibi matasa ne da ke saye da bashin banki, bashin kuwa ya ƙafe. Ciniki ya faɗi a Amurka da Turai, kamfanonin da suka saba sabunta babur duk bayan shekara biyu suka daina. Suzuki ta yi wa GSX-R600 babban gyara na ƙarshe a 2011.

Na biyu shi ne tsadar ƙira. Babur mai cc 600 na da silinda huɗu, bawul goma sha shida, firam ɗin alminiyom da manyan birki, daidai da yayansa mai cc 1000. Kuɗin ƙera su ya yi kusa da juna, amma dole a sayar da ƙaramin da araha. Riba ta yi ƙaranci.

Na uku shi ne dokar hayaƙi ta Turai. Injin da aka tsara don ya shaƙi iska a juyawa dubu goma sha huɗu yana barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe tare na ɗan lokaci mai tsawo, hakan kuma na sa wani ɓangare na fetur ya fice ta salansa bai ƙone ba. Da dokar Euro 4 ta hau kan dukan sababbin babura a 2017, Honda ta janye CBR600RR daga Turai, Suzuki ma ta janye nata. Yamaha ta yi ƙoƙari ta sabunta R6 a 2017, amma da Euro 5 ta zo sai ta daina yin sa don titi bayan 2020, ta bar shi don filin tsere kawai.

Na huɗu, wanda shi ne tushe, baburan sun yi nisa da rayuwar masu hawansu. Don a ci gasa an tura duk ƙarfin zuwa sama da juyawa dubu goma. A cikin gari, inda inji ke yawo a dubu huɗu ko biyar, babur ɗin ba shi da kuzarin da ya dace da kuɗinsa. Mahayi na duƙe, wuyan hannu na ciwo, zafin inji na dukan ƙafa, mai goyo ba shi da wurin zama na kirki, inshora kuma ta yi tsada saboda yawan haɗari. Mahayan da suka fara girma suka koma baburan da ake zama a miƙe da na doguwar tafiya. CBR600F na 1987 ya yi kasuwa ne don yana yi wa kowa aiki, jikokinsa kuwa sun zama na ƙwararrun filin tsere su kaɗai.

SABON SALON MATSAKAITA

Matsakaicin babur bai mutu ba, siffa ya canza. A 2020 kamfanin Aprilia na Italiya ya fitar da RS 660 mai silinda biyu da doki 100. A 2021 Yamaha ta kawo R7 mai cc 689, silinda biyu, doki wajen 73. Honda na da CBR650R mai silinda huɗu da doki kimanin 94, a 2024 kuma Triumph Daytona 660 da Suzuki GSX-8R suka shigo. Ƙarfinsu bai kai na R6 ba, amma yana zuwa da wuri, zamansu ya fi sauƙi, farashinsu ya fi sauƙi. Akwai kuma dalilin doka: lasisin A2 na Turai, wanda aka soma a 2013, ya ba sabon mahayi damar hawa babur da bai wuce doki 47 ba, kuma idan rage masa ƙarfi aka yi, asalinsa kada ya wuce doki 95. Shi ya sa za ka ga da yawa daga cikin sababbin sun tsaya daf da wannan lamba.

Gasar duniya ita ma ta bi kasuwa. Daga 2022 aka buɗe Supersport ga manyan injina masu silinda biyu da uku, ana daidaita ƙarfinsu da kwamfuta, har Ducati Panigale V2 mai cc 955 ya ci kambun 2023 a hannun Nicolò Bulega. Duk da haka tsohon salon bai ɓace ba. Kawasaki ta ci gaba da ZX-6R mai cc 636, Honda kuma ta mayar da CBR600RR Turai a 2024 da doki 119 a juyawa 14,250 da nauyin kilo 193 da mai a ciki.

GA MAI SHA'AWAR SAYEN NA HANNU

Yawancin irin waɗannan babura da ake gani a titunan Najeriya na hannu ne da aka shigo da su daga waje, kuma da dama 'yan wancan zamanin ganiya ne. Tarihinsu na faɗa wa mai saye abubuwa uku. Na ɗaya, an ƙera su don filin tsere mai santsi, ba rami, ba yashi, ba mai tsallaka titi, don haka gosulo da ramuka na gajiyar da su da mahayinsu. Na biyu, inji mai juyawa sau ɗari biyu a daƙiƙa ba ya yafe gurɓataccen mai, tsohon baƙin mai ko lagireto marar ruwa, gyaransa kuma sai bakaniken da ya san injekta da saitin bawul. Na uku, kalmar "matsakaici" tana yaudarar mutane. Wanda ya ƙware a kan babur mai doki 8 bai shirya wa mai doki 118 ba, domin abin da ke ƙasa da juyawa dubu takwas kamar rago yake, abin da ke samanta kuma wata dabba ce daban. Ƙasashen Turai sun sa matakan lasisi ne saboda gawarwakin matasan da suka ɗauka. Duk wanda zai hau, ya fara da ƙarami, ya sayi hular kwano ta gaske da rigar kariya kafin ya sayi salansa mai ƙara, kuma ya duba shekarun tayoyin kafin ya duba fenti.